Carbin Mahauci da Na'urar Asibiti

Haba 'yar ƙanwata, wai ni za ki ce wa ban san wahalar aikin jinya ba? Ni da ko dubiya na je asibiti sai likita ya miƙe ya ba ni kujera! To ki bar kukan cewa ƙarar na'ura ta hana ki sakat, ki zauna ki ji.

An kwantar da wani tsohon mahauci mai ciwon ƙirji, aka maƙala masa ɗan abin nan a yatsa, wanda ke sa na'ura ihu in numfashi ya yi ƙasa. Hagunsa na ɗauke da ƙarin ruwa, don haka a dama aka sa. Shi kuwa bawan Allah da dama yake jan carbi. Yana ja, abu ya zame, na'ura ta kama tsuwa. A ruga, a tarar da shi garau yana ta istigfari. Yau haka, gobe haka, har nas-nas ɗin suka daina ɗaga kai. Ana jin ƙara sai a ce, “Baba ne da carbinsa.” Wata ma ta rage wa na'urar murya, don kanta ya huta. Amma akwai ɗaya mai taurin kai irin nawa, wadda ta rantse ba za ta zauna da na'ura maƙaryaciya ba, ba kuma za ta raba tsoho da carbinsa ba. Ta mayar da muryar, ta cire abin daga hannunsa, ta maƙala a babban yatsan ƙafa. Tsoho ya harare ta: “'Yar nan, kaza ce ni da za a kama ni ta ƙafa?”

Ɗaki ya yi tsit kwana da kwanaki. Ran nan bayan azahar, tana cikin shan magani da ruwan sanyi saboda ciwon kai, na'urar ta sake ihu. Abokan aikinta suka ce carbi ne. Ita kuwa ta san carbi ba ya zuwa ƙafa. Ta yar da kofin ta ruga, ta iske leɓunansa sun dushe, carbin na ƙasa. Ta sa masa iskar taimakon numfashi, ta ƙwala wa likita kira. Da aka sallame shi, da ƙafarsa ya fita, har ya aiko mata da balangu, amma ko da tsoka ɗaya ba a tuna da ni ba.

Tashi ki koma bakin aikinki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.