Taron Tunawa da Hajara Illo

Sherifa ta turo keken tsohuwar cikin zauren taro a Morrisania, ranta a ɓace. Ta tashi daga aiki a gidan kula da tsofaffi, amma wannan baiwar Allah, wadda ba mai zuwa duba ta, ta nace sai an kawo ta.

'Yan Nijar ne suka taru don tunawa da marigayiya Hajara Illo, wadda ta yi tashe a wasan daɓe da fim a Yamai tun zamanin da ake kiran mace mai wannan sana'a 'yar iska.

Wani Alhaji Boubacar, cikin shadda mai ƙyalli, ya karɓi makirufo yana share hawaye. "Mahaifiyata ce," in ji shi. "A hannuna ta cika."

Mata suka hau kuka. Tsohuwar ta ja tsaki, ta tofar da yawu a hankici.

"Mma, ki ji tsoron Allah," Sherifa ta raɗa mata. "Maraya ne fa."

"Tura ni gaba, ɗiyata," tsohuwar ta ce. "So nake in tambaye shi inda ya binne ni."