Giwa Mai Kofato

Ka ce me mutum zai je nema a ƙasashen da ko sannu ba su ji, tunda labarinsu na iske shi har kan tabarma? To gyara zama, Malam, ka ji na mai fentin motoci.

A bakin wata tasha aka yi wani mutum mai zane a bayan manyan motoci, irin masu bodin katakon nan. Giwa ce sana'arsa. Yadda maigidansa ya koya masa haka yake yin ta, shi kuma maigidan a bakin wani maharbi ya ji siffarta, maharbin da aka ce ko zomo sai ya yi barci yake samunsa. Toron giwa ne tilo, ido ja wur, baki buɗe, yana tumɓuke bishiyar kuka, ƙafafunsa kuwa da kofato rabe biyu kamar na bajimin sa. Direbobi na son ta, wai tana koya wa ƙananan motoci ladabi. Giwayensa sun ƙetare Kwara, sun sha ranar Agadas, an ce wata har Sudan ta kai ta dawo da hanci a ƙone, amma mai su bai taɓa wuce gadar bayan gari ba. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Da yamma in motoci sun tashi, sai ya wanke buroshi ya zauna yana kallon bayan giwayensa har su ɓace.

Ran nan wani tsohon direba da ya ci hanyar Chadi ya tsaya ya dubi zanen, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Maigida, wannan saniyar me ta ci ta kumbura haka?" Mai fenti ya ce ai giwa ce. Direba ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Ka taɓa ganinta?" Mai fenti ya buɗe baki zai rantse, ya tarar ba abin da zai rantse a kai. Maganar ta hana shi sakat. In giwarsa ƙarya ce, to shi da ya yi furfura a kanta fa? Sai ya kulle shago, ya duba hagu da dama bai ga wanda zai yi wa sallama ba, ya miƙa wa mai shayi makulli, ya haye saman buhunan albasa a bayan wata babbar mota.

Nan ya san ƙasa tana da faɗi. Ya wuce dajin da jimina ta yi tsere da motarsu ta bar su tana waiwaye. Ya ga raƙumin dawa yana cin ganyen ƙaya daga sama, ya ga dorina ta yi hamma ya ce a'uzubillahi, wannan ai zaure ne. Kowane abu ya gani sai ya juya zai ce "ka gani?", sai ya ga albasa ce a gefensa. A wani gari da ba mai jin harshensa, inda da yatsa yake nuna abinci, ya hango wata mota ta wuce da giwarsa a baya, kofato da komai. Ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu kamar ya ga ɗan'uwa. Duk faɗin ƙasar ita kaɗai ya sani, ita ɗin ma ya zo ne ya ƙaryata ta.

Wata la'asar, a bakin wani kogi, ya gan su. Bai ji tahowarsu ba. Abin da ya fi ɗaki girma yana taka ƙasa kamar mai tsoron tada jariri, ƙafa kamar turmin da aka naɗe da tsumma, ba kofato ba dalilinsa. Kuma ba guda ba ce, garke ne, tsohuwa a gaba. Wani ɗan ƙarami ya kafe a taɓo, duk garken ya tsaya cak. Wannan ta sa hanci, waccan ta tura da goshi, ba wadda ta ƙara taku sai da ya fito. Mai fenti ya zauna a ƙasa. Kofaton bai dame shi ba kamar wannan: tun yana saurayi yake zanen giwa, bai taɓa yi mata abokin tafiya ba.

Da ya dawo, motar farko da aka kawo ya zana mata garke suna tsaye a kan ɗan da ya kafe. Direban ya dafe kai. "Ina fushin? Wa zai ba ni hanya da wannan taron suna?" Direbobi suka koma wajen mai fentin tsallaken titi, wanda har gobe kofato yake sawa. Da yunwa ta matsa, ya ɗauki buroshi zai koma zana giwarsa ta da, amma da ya iso ƙafa hannu ya ƙi. Sai ya zana garken a bangon ɗakinsa, yana cin tuwonsa yana fuskantarsu. Kasuwa ta gudu, masu hira ba su ƙaru ba, sai dai bai sake zama kallon bayan mota ba. In an ce masa giwa kaza take, giwa kaza take, murmushi kawai yake yi ya ci gaba da cin tuwo. Ai Hausawa sun gama magana: gani ya kori ji.