Fano da Cukun Inna

Gidanmu yana jikin katangar lakwal, makarantarmu ta boko, a Dakoro, kuma nan Inna take shanya cukun da take kaiwa kasuwa. Ina aji uku aka girka fano a farfajiya, wani baƙin allon gilashi. Bayan azahar Mushe, malaminmu, ya fito da mu, ya ce allon nan rana yake sha, ya mayar da ita wutar lantarki.

Yara suna leƙen fuskokinsu a gilashin, ni kuwa na ɗaga hannu.

"Mushe, in ya shanye ranar, da mi cukun Inna zai bushe?"

Wani yaro ya ce, "Sai ku sha da ludayi."

Mushe bai yi dariya ba. Ya ɗora hannuna a gilashin, sannan a rairayin gefensa. Duka biyun ƙuna suke.

"Ɗiyata, in kin tara ƙwarya a ruwan sama, gonar maƙwabci tana rasa nata?"

Har yau ina son sanin yadda rana take shiga siririyar waya. Amma da na sayi nawa fanon, sai da na sa aka kafa shi nesa da wurin shanya.