Darbejiyar Malama Hassana

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, aka sare darbejiyar Malama Hassana. Tana asibiti ana duba mata gwiwa. Ta sauka daga keke ta tarar da kututture, magina suna cin abinci a kansa.

Bishiyar tana kusurwar bayan gidanta ne a Hausari, inda ambaliya ta rushe katanga. A can gefe Alhaji Habib yake gina shaguna hawa biyu. Shekara goma sha biyar ke nan yana sayen tsofaffin gidaje yana mayar da su shaguna, kuma duk gari an san ba ya barin taku ɗaya na fili ya zauna banza. Injiniyansa ya ce bishiyar ta tare wurin ajiye motoci. Ba wanda ya nemi izinin kowa.

Malama ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa, ba ta taɓa barin laifi ya kwana ba a gyara ba. Washegari ta tafi ofishin Alhaji Habib. Mai gadi ya miƙe tsaye da ganinta. Sakatariya Kezia ta kawo mata shayi ba sukari tun kafin ta zauna, ta ce Alhaji ya tafi Abuja. Malama ta ce a faɗa wa mai shagunan ta zo. Haka take kiransa. Ko sau ɗaya sunansa bai fito daga bakinta ba.

Ta koma, ta sake komawa, har ƙafarta ta kumbura. Kullum yana wani taro. Buhun shinkafar Zabarmari ya iso gidanta, ta mayar. Aka aiko da dashen darbejiya biyar a leda, ta mayar. Aka turo magina su tayar mata da katanga, ta ce su bar mata ɓaraguzanta. Maƙwabta suka gaji da ba ta haƙuri, suka ce itace ne kawai, ga shi cike da gari. Ita ma ta gaji, amma ba ta yi musu bayani ba.

Da daminar bana aka malala siminti a kan kututturen, aka ja farin layin ajiye motoci.

Ranar buɗe shagunan aka kafa rumfa, 'yan kasuwa da masu unguwa suka cika kujeru. Malama ta ratso tsakiyarsu da sandarta, ta tsaya a kan farin layin nan. Alhaji Habib ya ajiye almakashin yanke ƙyallen buɗewa, ya zo ya durƙusa da babbar rigarsa, idonsa a ƙasa.

"Hajiya, don Allah mu je gida mu yi magana."

"A ɓoye aka sare ta?" in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "A gaban mutane aka sare, a gaban mutane za a ba ni haƙuri. Ba na son shinkafa, ba na son dashe. A ba mai shagunan lasifika, ya faɗa wa jama'ar nan cewa ya yi kuskure, ya zuba siminti a inda na binne cibiyar ɗana na fari, shi da ke durƙushe a gabana."