Likitan Fuska a Teburin Ƙarshe

Saura mutum uku a teburin ƙarshe lokacin da Kuok Weng Tim ya ɗaga hannu a kawo masa shayin madara mai ƙanƙara. Duk mai bin wasan kartar foka a Macau ya san ma'anar wannan shayi: ya gama karanta abokan karawarsa, saura kwasa.

Shekara goma sha tara yana wannan sana'a ta karta. Ya ci gasa sau biyu a Jeju, ya ci a Taipei, ya zo na uku a Manila da zazzaɓi a jikinsa. Abu ɗaya ya gagare shi, Kofin Jan Kifi, wanda ake bugawa duk shekara a garinsu, a wannan zauren da ya sani fiye da falon gidansa. Sau huɗu yana zuwa na biyu. Bana shekarunsa hamsin da huɗu, bayansa ya fara ƙin dogon zama, kuma ya riga ya faɗa wa 'yan jarida cewa da kofin a hannu zai yi ritaya.

Likitan Fuska ake ce masa, sunan da shi ya raɗa wa kansa. "Ni ba kati nake bugawa ba, mutane nake bugawa," haka yake cewa. "Fuskar da na gani sau ɗaya ta shiga aljihuna ke nan."

Na ukunsu wani ɗan kasuwa ne daga Busan, ya toshe ido da baƙin tabarau. Kuok ya lura wuyansa na motsi duk lokacin da ya yi burga da katin banza. Kafin ƙanƙarar shayin ta narke, mutumin yana waje yana buga wa matarsa waya.

Sai ya rage shi da wata mata.

Sou Lai Fan aka rubuta a allo. Za ta yi hamsin, sanye da rigar sanyi mai ruwan toka, ga gorar ruwan zafi a gefen kujerarta. Masu sharhi sun binciki tarihinta ba su sami komai ba, ko na ɗari ba ta taɓa zuwa ba a wata gasa. Kujerar ma a wata 'yar ƙaramar gasar share fage ta same ta.

"Anti, kin yi ƙoƙari," in ji Kuok, yadda kowa zai ji. "Na biyu ma ba laifi. Tambaye ni, na san ɗanɗanonsa."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Ita dai ta gyara kwabban wasan da ke gabanta, jeri-jeri, tsawo ɗaya, ba ta ko duba hannunta ba.

Ya fara matsa mata. Ya zuba kwabbai, ta ajiye katinta ta bar masa zagayen. Ya ƙara zubawa, ta sake ajiyewa. Ya nemi idonta bai samu ba, domin tsakiyar tebur kawai take kallo, bayanta a miƙe kamar mai jiran a sallame ta. Tsoro ne, ya yanke hukunci.

Da ya gwada burga ta farko, sai ta zuba kwabbai daidai da nasa ta ce, "Na bi." Aka buɗe, ba shi da komai. Sa'a ce, ya ce a ransa. Ya sami kati mai kyau ya yi lamo don ta faɗo, ta ajiye nata tun kafin ya gama murmushi. Ya sake burga, ta sake bi.

Aka tafi hutun la'asar. Kuok ya shiga bayan gida ya tsaya gaban madubi, ya duba girarsa, leɓensa, maƙogwaronsa. Babu abin da ke motsi. Shekara da shekaru ya yi yana horar da fuskar nan. Da ya fito, ya hango mai gadin ƙofa yana cika wa matar gorarta da ruwan zafi, bai kawo komai a ransa ba.

Bayan hutu kwabbanta sun ɗara nasa. Aka raba, ya leƙa nasa: tara da goma, ba yabo ba fallasa. Katunan tsakiya suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taimake shi. Amma akwai katin sarki guda biyu a cikinsu, kuma kowa zai yarda yana riƙe da na uku. Mai raba kati ta tsaya daidaita tarin kwabbai kafin ta buɗe na ƙarshe.

"Ke, yi sauri mana! Barci kike yi?" ya daka wa mai rabawar tsawa.

Ta buɗe. Uku ce, ba ta amfane shi ba. Ya tura duk abin da ke gabansa, ya harɗe hannu, fuska kamar bango.

Sou Lai Fan ba ta yi ko daƙiƙa biyu ba. "Na bi."

Kati biyu masu lamba huɗu kacal gare ta. Sun isa.

Zauren ya ɗauki ihu. Kuok ya zauna yana kallon allo ana rubuta sunansa a layi na biyu, karo na biyar. Da ƙyar ya tashi ya miƙa mata hannu, kyamarori na kansu.

"Anti," ya ce ƙasa-ƙasa, "ban taɓa ganinki a ko'ina ba. Me kika gani a fuskata? Wa ya koya miki?"

Sai yanzu ta ɗago ta dube shi.

"Fuskarka ba ta da laifi, Maigida Kuok," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya na yi ina raba maka kati a zauren nan, ba ka taɓa yi min tsawa kana riƙe da katin kirki ba."