Ranar da Kawu ya yi wa Malama dariya

Malama Hajara ce ke koya mana karatu a gidanta a unguwar Sa'alaba da ke Jidda, tana kuma rubuta waƙoƙi. Wata la'asar tana rera mana sabuwar waƙarta, sai kawuna da ya zo Umra daga Kano ya biyo ɗaukata. Ya tsaya bakin ƙofa yana dariya.

"Malama, wannan ai ba Hausa ba ce, ba kuma Larabci ba. Me ya kawo halas ɗin Larabawa, wai 'shi ke nan', tsakiyar baitin Hausa?"

Ta ce, "Alhaji, a Jidda aka haife ni. Bakin da nake da shi ke nan."

Ta ninke takardar. Har ta rasu ba ta ƙara rera mana waƙa ba. Kawu ya manta tun kafin ya koma gida, ni kuwa har yau ban yafe masa ba.