Kukan Bediako

Allon kallon suka fara kafawa, tun kafin rumfunan makoki. Ina tsaye cikin baƙin zanena, samari suna jan waya ta gaban ƙafata kamar ba matar mamacin ba ce ni.

Sunan mijina Yaw Fosu, amma a duk Kumasi ba mai kiransa haka. Bediako ake ce masa, sunan marayan da ya fito a matsayinsa a wasan talabijin yana ɗan shekara bakwai. Wuri ɗaya ne a wasan ya yi masa suna. Gawar uwa a kan tabarma, an rufe ta da zane har kai, yaron yana riƙe da hannunta yana jijjigawa yana ihu: "Mama, tashi mu tafi gida, an gama!" Har yau in mashayi ya yi barci a kan benci, da wannan maganar ake tashinsa.

Bayan nan ya yi finafinai da yawa, duk na kuka. Sai dai hawayen ba su ƙara zuwa da kansu ba, sai an goga masa man zafi a ƙarƙashin ido. Da murya ta buɗe, gemu ya tsiro, aka daina nemansa. Mahaifiyarsa ba ta ga ko ɗaya ba, zazzaɓi ya ɗauke ta a shekarar wasan farko. Ƙanwarta, Mama Dufie, ita ta raine shi.

Ni a motar haya na same shi, yana kwandasta a hanyar Kejetia. Fasinjoji ba sa ƙyale shi.

"Bediako, yi mana kukan nan mu ƙara maka sidi ɗaya!"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Hawayen sun ƙare, yaya. Kawo kuɗin mota."

Mutum ne mai sauƙin zama, in ban da abu biyu. In aka maimaita wasan a talabijin, ko loma ce a hannunsa zai ajiye ta cikin miya ya fita. Sannan ba ya barin in rufe kaina da zane in na kwanta. Ko hutun rana nake yi saboda ƙudaje, zai zo ya yaye, ya taɓa hannuna, sannan ya koma abin da yake yi. Na yi faɗa har na gaji na saba.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. A asibiti, ranar da ya daina cin abinci, ya jawo ni kusa.

"Pokua, kada ki bari su nuna wasan nan a kaina."

Na yi masa alkawari. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka kunyar yadda ya ƙare ce.

Amma a al'adarmu gawa ta dangin uwa ce, matar aure kuka ne nata. Kawu Amankwa, shugaban danginsu, wanda ya yi rabin rayuwarsa a Abidjan, shi ya yanke yadda za a yi. Na durƙusa na faɗa masa wasiyyar.

"Matarmu, tashi," ya ce. "Wa zai ɗaura jan zanen makoki ya zo binne kwandasta? Bediako za a zo binnewa. Ko so kike a ce ɗanmu ya tafi kujeru ba kowa?"

Na dubi Mama Dufie ko za ta sa baki. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Ranar Asabar unguwa ta cika. Ja da baƙi ko'ina, makaɗa a gefe, har masu ɗaukar hoto daga gidan talabijin. An kwantar da shi cikin ɗaki an yi masa ado, amma mutane allon suke fuskanta. Da hantsi mai sanarwa ya ce a yi shiru.

Na tashi na nufi wayar allon don in cire ta. Samari biyu suka tare ni, suka mayar da ni kujerata kusa da Mama Dufie, a hankali, kamar mai ciwon hauka.

Ga tabarmar. Ga zanen. Ga mijina ƙarami da gajeren wando. Mata suka fara sharɓar kuka, maza suna faɗin maganar tare da shi. Wata a bayanmu ta ce, "Ita ma wadda ta fito a gawar gwana ce, dubi ko numfashi ba ta yi." Yaron ya waiwayo ya dubi mai ɗaukar hoton, sannan ya koma yana jan hannun.

Mama Dufie ta kama tsintsiyar hannuna har farcenta ya shige ni. Idonta a ƙasa yake.

"Ina wurin ranar, 'yata," ta ce. "Ni na raka su."

"Mama, ki bari sai an watse."

"'Yar wasan da za ta fito a gawar ce ta ƙi kwanciya. Ta ce ba za ta jawo wa kanta mutuwa ba. Aka rasa mai yi. Akwai wata zaune a gindin bango, jikinta zafi tun safe, ta ce ita dama wurin kwanciya take nema. Suka rufa mata zanen, suka daɗe suna gyaran fitilu."

A allon, yaron ya kai ƙarshen ihunsa. Filin ya ɗauki tafi.

"Haka muka tafa ranar ma," ta ce. "Ba wasa yake yi ba, Pokua. Uwarsa ce a ƙarƙashin zanen, kuma shi kaɗai ya ji hannunta ya yi sanyi."